Za su kulle mijina a ɗaki har hodar ta sake shi

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ni matar aure ce a nan Zariya, shekararmu shida da aure yaranmu biyu. Maigidana yana da shago a kasuwar Sabon Gari. Shekara uku da suka wuce ya yi haɗarin mashin ya karye a cinya, tun daga jinyar nan ya saba da tiramol, ni na ɗauka da ya warke ya bari ashe abin gaba ya yi. Watannin nan na fara tsintar ƙonanniyar takarda mai ƙyalli irin ta cikin kwalin sigari a banɗaki, da laita da bututun biro, ga gyangyaɗi da rana tsaka wani lokacin da loma a hannunsa, ya rame, shago ya kusa zama fanko, ɗan kunnena na gwal ma na nema na rasa. Da na tsare shi sai ya fashe da kuka yace heroyin ce, ya dafa Alƙur'ani yace ya bari. Kwana biyu ya yi yana amai da zawo yana birgima a ƙasa, a na uku ya fita ya samo ta. Yanzu yayansa ya sani, shi da Hajiyarsu sun yanke za a kulle shi a wani ɗaki a gidansu na cikin gari sati biyu har ta sake shi, in bai yi ba a kai shi gidan mari. Sun ce kar in faɗa wa kowa ko da iyayena ne. Anti kullewar nan zata yi magani? Ni kuma in zauna ne ko in kwashi yarana in tafi gida? Wallahi kaina ya kulle.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya yaye miki wannan damuwa Ya dubi yaran nan. Tunda kince har sun yanke shawara bari in fara da abin da yafi gaggawa, kar a kulle shi. Kullewar nan bazata raba shi da hodar ba, kuma abin da mutanenmu da yawa basu sani ba shine bayan an buɗe masa ƙofa ne rayuwarsa tafi shiga haɗari, fiye ma da yanzu da yake zuƙa kullum. Nasan Hajiya da yayan nasa ba dan ƙiyayya suka kawo shawarar ba, abin da suka sani kenan kuma hankalinsu a tashe yake kamar naki, shi yasa zan miki bayanin a tsanake dan ki samu abin faɗa musu.

Ki fara gane dalilin da yasa rantsuwarsa bata kai kwana uku ba. Tiramol ɗin da ya fara da shi da kodin da heroyin duk wuri ɗaya suke kamawa a ƙwaƙwalwa, sai dai ita heroyin tafi su ƙarfi nesa ba kusa ba kuma tafi saurin isa. Daga mofin ake yin ta, maganin nan da ake yi wa masu matsanancin ciwo allurarsa a asibiti, shi kuma mofin daga ƙaron wata shuka da ake kira ofiyom ake samo shi, wadda aka fi nomawa a Afganistan da Myanmar. Farkon fitowarta kasuwa ma a matsayin magani ta fito, kamfanin Bayer na Jamus ne ya fara sayar da ita a 1898 a matsayin maganin tari har ana cewa bata kama mutum, sai da ta kama jama'a da yawa aka farga, irin dai abin da muka gani da idonmu a kan kodin na maganin tari har gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi a 2018. Allah Ya halicci jikin ɗan Adam da nasa sinadarin da yake rage zafin ciwo yake kawo natsuwa, to in mutum ya dinga ɗura na waje kullum sai jiki ya jingina da shi, abin da ya ishe shi jiya bazai ishe shi gobe ba, ƙwaya ɗaya ta koma uku ta koma kati guda, ranar da tiramol ta daina yi masa aiki wani aboki yace ga wadda tafi. Haka mijinki ya tsinci kansa a nan. A matakin da yake yanzu ba dan daɗi yake zuƙa ba, yana zuƙa ne dan ya iya miƙewa da ƙafarsa ya buɗe shago kamar kowa.

Abin da kika gani kwana biyun nan kuwa ba shiri bane ba kuma aljanu bane. Awa 6 zuwa 12 bayan zuƙar ƙarshe jiki yake fara nemanta, sai hamma ba ƙaƙƙautawa, majina da hawaye suna zuba kamar mai mura, gumi ga kuma sanyi tsigar jiki na tashi, daga nan ciwon ƙashi da murɗawar ciki, amai, zawo, ƙafafu su kasa tsayawa wuri ɗaya, barci ya ƙaurace. Kwana na 2 zuwa na 3 ne abin yake kai maƙura, kinga daidai lokacin da ya fita kenan. Yana sane cewa zuƙa ɗaya zata ɗauke duk azabar nan cikin 'yan mintuna. Dan haka kar ki ƙara sa shi ya dafa Alƙur'ani, zai rantse da zuciya ɗaya kuma zai karya, sai nauyin rantsuwar ya ƙara masa ƙunci ya riƙa ganin shi kam ya riga ya lalace, kuma wanda yake ganin ya lalace baya neman magani. Maganar kaffara ya tambayi malami daga baya.

To yanzu a ce an kulle shi ɗin. Kwana ukun farko zai yi ihu ya bugi ƙofa ya faɗa wa Hajiya maganar da bai taɓa faɗa mata ba tunda ta haife shi, ga amai da zawo a rufaffen ɗaki ba mai duba shi ba ƙarin ruwa, in aka yi rashin sa'a lokacin zafi ne ruwan jikinsa zai iya ƙarewa, ba kasafai ake mutuwa ta haka ba amma ana yi, wani kuma azabar kan kai shi ga yi wa kansa illa. Amma mu ɗauka ya tsallake. Bayan sati ɗaya zuwa kwana 10 azabar zata lafa, sati biyun na cika zai fito ya yi wanka ya ci tuwo ya bi sahun magariba, Hajiya ta yi sadakar waina, kowa yace alhamdulillahi ya warke. Ƙanwata bai warke ba. Hodar ce kawai ta fita daga jininsa, ƙwaƙwalwar tana nan a yadda ta saba, rashin barci da ƙuncin zuciya da kwaɗayin abin suna iya bin mutum watanni, ga abokan suna nan inda ya bar su, lambar dilan tana kansa ko da an ƙwace masa waya, ga bashin shago yana jiransa ga kunyar haɗa ido da ke. Wata rana ransa zai ɓaci yace bari ya ɗan taɓa sau ɗaya kawai.

Nan ne wurin da nake so ki buɗe kunne da kyau. A sati biyun nan da ya yi ba ya sha, sabon da jikinsa ya yi da ita ya ragu sosai, amma shi bai sani ba, zai sayi daidai yawan da ya saba ya zuƙa. Kamar ɗan dako ne a kasuwar Sabon Gari da ya saba ɗaukar buhun masara, ya kwanta jinya wata guda, ranar da ya miƙe ya je ya sungumi buhun nan kamar da. Yawan da a da yake sa shi gyangyaɗi kawai yanzu zai iya tsayar masa da numfashi, dan ta nan heroyin take kisa, tana danne wurin da yake umartar ƙirji ya ja iska, mutum yana barci numfashin yana raguwa yana raguwa har ya tsaya. Likitoci a duk duniya sun san wannan, makonnin farko bayan mutum ya fito daga kurkuku ko wani wuri da aka tsare shi su ne lokacin da aka fi rasa masu shan irin wannan. Sai kiji ance wane fa ya shiryu har ya koma kasuwa, kwatsam aka wayi gari ya rasu a cikin barci, a ce hawan jini ne a rufe maganar.

Gidan mari kuwa ko kusa. Kin tuna a watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa cikin Kaduna aka fito da mutum sama da 300, da yawansu da mari a ƙafa ga tabon duka a gadon baya, cikinsu akwai waɗanda danginsu ne suka kai su da hannunsu saboda shaye-shaye, bayan nan aka yi ta gano irinsu a wasu garuruwa har da nan Zariya. Duka da sarƙa basa taɓa ciwon da yake damunsa, sai dai ya fito da tsanar duk wanda ya sa hannu aka kai shi, kuma haɗarin da na faɗa miki na bayan fitowa yana nan daram.

Kafin in zo kan inda za a kai shi, tunda yanzu haka yana cikin sha kuma ke ce kike kwana ɗaki ɗaya da shi, dole ki san alamar da zata nuna ta yi masa yawa. In kin gan shi kwance kin kira sunansa bai amsa ba, kin girgiza shi bai motsa ba, ki dunƙule hannu ki goga gaɓoɓin yatsunki da ƙarfi a tsakiyar ƙirjinsa, mai barcin gaskiya zai zabura. Ki ɗaga fatar idonsa ki haska da fitilar waya, zaki ga baƙin tsakiyar idon ya tsuke ya koma kamar kan allura. Ki dubi ƙirjin, numfashi yana zuwa jefi-jefi da tazara mai tsawo, ko wani irin munshari mai gurnani kamar ruwa ya tsaya a maƙogwaro, leɓe da farce sun yi toka-toka, jiki ya yi sanyi da danshi. Munsharin nan shi yake yaudarar mata da yawa, sai a ce a bar shi ya huta barci yake. Kar ki bar shi. Kar ki ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri, wanda baya cikin hayyacinsa duk abin da aka zuba masa a baki huhu yake tafiya. Kar a tsaya kwara masa ruwa ko tofi ana jiran ya farfaɗo. Ki kwantar da shi a gefensa dan ko ya yi amai kar ya shaƙe, in numfashin ya kusa ɗaukewa ki mayar da shi rigingine ki ɗaga haɓarsa ki toshe hancinsa ki hura masa iska a baki duk bayan daƙiƙa 5, wani kuma ya nemo mota ko a-daidaita a tafi asibiti mafi kusa a sashen gaggawa. Da kun isa ki buɗe baki ki faɗa musu gaskiya, heroyin ya sha. Kar kunya tasa ki ce faɗuwa ya yi, kalmar nan ɗaya ita zata sa su yi masa allurar da ake kira nalokson wadda take karya ƙarfin hodar cikin mintuna. Ko ya farka yace lafiyarsa ƙalau kar a yarda ya tafi gida nan take, aikin allurar kan ƙare cikin minti 30 zuwa 90 alhali hodar tana nan a jiki, zai iya sake suma. Kuma ki lura ko yana haɗawa da ƙwayoyin sa barci irin su roche ko D5, ko giya dan ya samu barci, haɗin nan yana ninka haɗarin dan dukkansu numfashi suke dannewa. Ga shi abin da ake sayarwa a ƙunshi babu wanda ya san ƙarfinsa ko abin da aka gauraya a ciki, na yau daban na gobe daban.

Sai maganar lafiyarki ke kanki, wadda baki tambaya ba amma bazan tsallake ta ba. Abin da kika tsinta a banɗaki ya nuna ƙonawa yake yi yana zuƙar hayaƙin, amma masu zuƙa da yawa in kuɗi ya yi ƙasa sukan koma allura dan kaɗan ta yi musu aiki. Ki duba lanƙwasar gwiwar hannunsa da bayan hannu da ƙafa ko akwai ɗigo-ɗigon tabo ko ƙurji da baya warkewa, ki lura ko ya koma sa riga mai dogon hannu ko a cikin ɗaki ana zafi. Ki tambaye shi kai tsaye ba da faɗa ba. Masu allura sukan yi karo-karo da sirinji ɗaya, ta nan cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta nau'in B da C suke yaɗuwa, har ƙwayar cuta kan bi jini ta kama zuciya, kuma abin da ya shiga jininsa zai iya zuwa gare ki ta shimfiɗa. Ko yace bai taɓa allura ba kije ki yi gwajin nan guda uku, shi ma ya yi, a asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. In baki da ciwon hanta na B akwai allurar rigakafinsa ki karɓa ki duba katin yaran ki tabbatar an yi musu, na C ana warkewa da ƙwayoyi na kamar wata uku, ita ma mai karya garkuwar jikin akwai maganin da yake danne ta mutum ya rayu lafiya. Kafin sakamako ya fito ki kare kanki a shimfiɗa, haƙƙinki ne ba rashin biyayya bane.

Inda ya kamata a kai shi asibiti ne, kuma mu a Zariya Allah Ya rufa mana asiri bamu da nisa da shi. Asibitin koyarwa na jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, su ne masu duba matsalar shaye-shaye. A Kaduna kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa, suna da sashe na musamman da ake kwantar da masu wannan matsalar. Nasan me Hajiya zata ce, ɗana ba mahaukaci bane da za a kai shi can. Ki lallaɓa ki nuna mata ba sai mutum yana tsince-tsince a bola ake kai shi wurinsu ba, kuma ba a kan ɗanta aka fara ba. Rahoton binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da miyagun ƙwayoyi na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya suka taɓa wata ƙwaya a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki masu shan irin su tiramol ne, masu heroyin kimanin 87,000. 'Ya'yan mutane ne duk, da na malamai da na attajirai da na talakawa, likitocin nan kullum irinsu suke gani, ba mai zaro ido dan ya ga mijinki.

Bambancin asibiti da ɗakin Hajiya shine a can kwanakin azabar nan ana bi da su da magani, a tsayar da amai da zawo, a rage ciwon jiki, a ƙara ruwa, a taimaka masa da barci a ƙarƙashin kulawa, a duba cinyar nan tasa ko har yanzu tana masa ciwo dan in ba a magance asalin abin da ya kai shi ga tiramol ba an bar baya da ƙura. Sannan babban aikin ya biyo baya, zama da masu ba da shawara, koyon yadda zai yi in kwaɗayin ya taso, duba ko akwai ciwon damuwa a ƙasa, da komawa ganin likita a kai a kai na tsawon watanni. Akwai kuma magunguna biyu, metadon da bufrenofin, da ake ba masu irin matsalarsa kullum a ƙarƙashin likita, suna kwantar da kwaɗayin ba tare da sun bugar da mutum ba har ya iya kasuwarsa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna tun 2005 kuma su aka fi tabbatar da cewa suna rage mace-mace. Ba ko'ina ake samun su a ƙasar nan ba, amma ku tambayi likita kai tsaye ko akwai hanyar samu. Abin da ban yarda da shi ba shine a je kemis a haɗo masa ƙwayoyin barci a ce za a yi a gida, ko wani ya zo yana masa allura a ɗaki. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma tana da layin kira kyauta dare da rana, 0800 1020 3040, masu ba da shawara ne suke ɗauka kuma ana magana da Hausa, zaki iya kira ki yi tambaya ba sai kin faɗi sunansa ba.

Ki sa a ranki tun yanzu zai iya zamewa ko bayan asibitin, da yawa sai sun faɗi sun tashi kafin su tsaya da ƙafarsu. In hakan ta faru ba a ce asibiti bai yi ba a koma maganar mari, komawa ake wurin likita a ranar. Addu'a kuma ba a fasa ba, Hajiya ta dage da tata dan bakin uwa ba wasa bane, ke ma ki dage, malamai su taya, amma a haɗa da zuwa Shika. Abin da ya fi shine ya je da ƙafarsa, kuma kukan da ya yi a gabanki da ƙoƙarin kwana biyun nan sun nuna yana so ya rabu da ita. Ki same shi lokacin da yake cikin hayyacinsa, ba yana gyangyaɗi ba ba kuma lokacin da jiki yake nemanta ba, ki ce masa Baban wane na ga wahalar da ka sha kuma na gane ba ƙin bari ka yi ba, akwai inda ake yi ba tare da wannan azabar ba, mu je tare.

Ita Hajiya ba ke zaki tsaya gabanta kina musu da ita ba, suruka ce, maganar zata iya juyewa ta koma kin raina ta. Yayan zaki fara samu, ki karanta masa abin da na rubuta a kan haɗarin bayan fitowa, in da hali ya je Shika shi kaɗai ya ji daga bakin likita, sannan shi da wani kawunsu da Hajiya take jin nauyinsa su zauna da ita. In duk da haka suka ƙi ji suka kulle shi, to aƙalla a samu mai kwana a bakin ƙofar, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari na zawo, in ya kasa riƙe ruwa a ciki ko ya fara sambatu a fito da shi a tafi asibiti, kuma kafin ya taka waje a faɗa masa ƙarara cewa jikinsa bazai ɗauki yawan da ya saba ba.

Kuɗi kuma daga yau kar ki ba shi a hannu ko nawa ne, ko yace bashi ake binsa za a ci mutuncinsa. Sauran gwal ɗinki da takardun gida ko fili in akwai da katin banki ki kai ajiya gidanku. Shagon yayan ya karɓi makulli ya sa amintaccen yaro, a riƙa ba ki na cefane kai tsaye. Zai yi fushi, ki daure, ki kuma daina yi masa ƙarya wurin masu bin bashi ko 'yan uwa cewa zazzaɓi yake.

Batun kar ki faɗa wa iyayenki ban goyi baya ba sam. Rufin asiri daban, barin ki ke kaɗai da wannan kaya daban. Ba cewa na yi ki baza a unguwa ko gidan biki ba, amma Baba ko waliyyinki ya kamata ya sani a cikin satin nan, dan in wani abu ya faru da tsakar dare ki san wa zaki kira, kuma dangin mijin su san kina da gata.

Zama ko tafiya ke zaki yanke da iyayenki, amma ga yadda nake gani. In baya dukanki, baya kawo abokan shan gida, kuma ya yarda an tafi asibiti, zamanki zai taimaka masa ƙwarai, mai jinya irin wannan yana bukatar wanda zai raka shi ganin likita ya lura da shi. In ya fara ɗaga miki hannu, ko yana barin ƙunshin hodar da ƙonanniyar takardar inda yara zasu kai hannu, alhali ɗan abin da ya rage a jikin takardar ya isa ya halaka ƙaramin yaro in ya lasa, ko kuma ya ƙi asibiti ƙememe, to ki kwashi yaranki ki tafi gida ba tare da jin kin yi laifi ba. Tafiya gida ba mutuwar aure bace, ki faɗa masa da bakinki cewa ranar da ya fara ganin likita zaki dawo ki tsaya masa, kuma in kin faɗa ki cika, kar ki yi barazanar da bazaki iya aiwatarwa ba. Ko kina nan ko kin tafi kar ki bar masa yaran shi kaɗai a gida, kar kuma ya ƙara goya su a mashin zuwa makaranta, mai gyangyaɗi da loma a hannu zai yi a kan titi, ki kai su da kanki ko ki samu mai a-daidaita da kika yarda da shi. Allah Ya ba shi lafiya, ke kuma Ya ƙara miki ƙarfin zuciya.